Yadda Ake Tantance Likitan Gyaran Jiki Kafin a Ba Shi Wuƙa

Kalmar da ake rubutawa a ƙasan hotunan Instagram da TikTok, wato "cosmetic surgeon", ba sunan wata shaidar karatu ba ne. Babu kwalejin horar da ƙwararrun likitoci a Najeriya da ke bayar da takarda mai wannan suna. Wanda ya gama karatun likita bara zai iya rubuta ta, wanda ya je kwas na mako biyu a Dubai zai iya rubuta ta, har wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba zai iya. Fannin da ake horarwa a kansa har a ci jarrabawa shi ne wanda za ku ga an rubuta Plastic Surgery a jikin takarda, kuma ya haɗa gyaran ƙuna, tsagaggen leɓe, tabon haɗari, yatsu da suka manne, rage nono, cire fatar ciki da ta saki bayan haihuwa, zuƙe kitse da sauransu.

Mu a Zariya muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen wannan tiyata. Ko da a Kaduna, Abuja, Legas ko Istanbul kuke shirin yin aikin, kuna da inda za ku je a auna muku maganar da aka gaya muku.

Abu uku ake tantancewa, kowanne daban: mai yankan, mai sa barcin, da ɗakin da za a yi aikin. Kuma daga bakin wanda ya bayar da shaidar ake tantancewa, ba daga bakin wanda ya rataye ta a bango ba.

Matakin farko: shin likita ne ma?

Hukumar da ke rajistar likitoci da likitocin haƙori a ƙasar nan ita ce MDCN, mai hedkwata a Abuja. Kowane likita yana da lambar foliyo tasa, wato lambar rajistarsa, a wurinta, kuma yana sabunta lasisin aiki duk shekara. Ku nemi cikakken sunansa kamar yadda yake a rajista, ba "Dakta Wane" na allon talla ba, da lambar foliyon, da lasisin wannan shekarar da muke ciki. Ku duba shekarar da kyau. Lasisin bara ba ya aiki a bana.

Kada ku tsaya a hoton takarda da aka turo ta WhatsApp, domin gyara suna a hoto aikin minti biyar ne. Ku ɗauki sunan da lambar ku bincika ta shafin hukumar, mdcn.gov.ng, ko ku rubuta wa magatakardarta. Sannan ku haɗa fuska da suna. Hanyar da sojan gona suka fi bi ita ce aron takardun likita na gaske, ɗan'uwa ko tsohon maigida, sai lamba ta fito daidai alhali mai riƙe da ita wani ne. Katin shaidar aiki mai hoto, ko wani likita da ya san shi ido da ido, shi ke warware wannan.

Rajista iri-iri ce. Akwai ta wucin gadi da ake ba sabon likita a shekarar koyon aiki, wadda ba ta ba shi damar yin aiki shi kaɗai ba. Akwai cikakkiya. Wanda ya yi karatu a waje, a Sudan ko Masar ko Yukiren ko Sin, sai ya ci jarrabawar hukumar kafin a yi masa rajista. Baƙon likita da aka kawo daga wata ƙasa na mako ɗaya shi ma sai da rajistar MDCN, duk girman sunansa a garinsu. Idan an ce muku "likitanmu daga Turkiyya yake zuwa", tambayar ita ce ina rajistarsa ta nan, kuma wa zai duba mara lafiya bayan jirginsa ya tashi.

Mataki na biyu: karanta haruffan bayan suna

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka za mu daɗe a kai.

MBBS shaidar digirin farko ce, bayan shekara 6 a jami'a. Sai shekara 1 ta koyon aiki, sai bautar ƙasa. Har zuwa nan mutum likita ne, amma ba ƙwararren mai tiyata ba. Ƙwarewa tana zuwa ne bayan horo na shekara 5 zuwa 6, sau da yawa ma fiye, a asibitin da aka amince ya horar, tare da jarrabawa mataki uku. Kwalejoji biyu ke bayar da ita a ƙasar nan: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, mai bayar da FMCS ga masu tiyata, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, mai bayar da FWACS. Idan aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa zama babban likitan tiyata mutum yana cin shekara 13 zuwa 15. Wanda ya gama digiri shekara uku da suka wuce yana kiran kansa ƙwararre, lissafinsa bai fita ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. FWACS ita kaɗai ba ta faɗi fannin ba. Likitan mata yana da ita, likitan ido yana da ita, haka likitan ƙashi, likitan kunne da hanci, har mai sa barci. FMCS ma ta haɗa masu tiyatar ciki, mafitsara, yara, ƙwaƙwalwa da ƙirji. Dukansu ƙwararru ne na gaske, amma a nasu fagen. Tambayar da za ku yi ita ce: "Ranka ya daɗe, a wane fanni aka ba ka, a wane asibiti ka yi horon, wace shekara ka gama?" Wanda ya sha wahalar shekarun nan zai amsa cikin daƙiƙa, har da sunan malaminsa. MWACS kuwa, mai M a gaba, tana nufin an ci matakin tsakiya, ba a kai ƙarshe ba.

Ƙwararre yana kai wannan shaidar MDCN a rubuta masa ita a matsayin ƙarin ƙwarewa, a ba shi takarda. Ku nemi ganinta. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan fanni ta ƙasa, NAPRAS, wadda za a iya tambaya ko mutum ɗanta ne. Yawansu a Najeriya bai kai a ce ba su san juna ba, shi ya sa tambaya ɗaya a Shika takan wadatar: idan likitocin sashen ba su taɓa jin sunan wanda ke cewa ya shekara goma yana wannan aiki a Abuja ba, ku ja da baya.

Sauran haruffa da takardu masu zanen zinare a gefe, yawancinsu shaidar shiga ƙungiya ce ko halartar taro. Ba laifi ba ne mutum ya mallake su. Laifin shi ne a jera su a madadin horon. Takardar da aka samu a kwana biyar tana nuna an kalli yadda ake zuƙe kitse, ba ta nuna an san abin yi idan ƙarfen ya huda hanji ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane gyara ne sai wannan fanni kaɗai ba. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da ya ƙware zai iya gyaran hanci. Likitan ido da ya yi ƙarin horo yana gyaran fatar ido. Likitan muƙamuƙi da fuska yana ɗinke tsagaggen leɓe da ganɗa. Likitan fata yana allurar fuska da aikin leza. Ƙa'idar ita ce fannin mutum ya dace da gaɓar da zai taɓa. Likitan haƙori da ke ƙara mazaunai ya fita daga gonarsa.

Idan a waje za a yi

Kowace ƙasa da nata ma'auni. A Ingila ana duba sunan likita a rajistar ƙwararru ta GMC, hukumar rajistar likitocinsu, kyauta a intanet. A Amurka a nemi shaidar American Board of Plastic Surgery, a kuma kula, domin akwai wata mai kama da ita a suna da ke ɗauke da kalmar Cosmetic, wadda babbar hukumar tantance ƙwararru ta ƙasar ba ta lissafa ta cikin nata ba. A Indiya a nemi shaidar ƙwarewa ta MCh ko DNB a wannan fanni. A Turkiyya asibitin da ke karɓar baƙi yana buƙatar izini na musamman daga ma'aikatar lafiyarsu. Matsalar tafiya waje ita ce da dillali kuke magana, kuma sau da yawa ba a sanin sunan mai yankan sai ranar aiki. Kada a biya ko sisi kafin a sami sunansa a rubuce a kuma yi magana da shi ta bidiyo. A kuma shirya tun daga gida wanda zai karɓi jinyar, domin ruɓewar ɗinki da taruwar ruwa sukan bayyana ne bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin mutum yana Tudun Wada ko Samaru. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan babbar tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Mai sa barci da ɗakin aiki

Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a irin wannan tiyata ba kaifin wuƙa ne ya kashe su ba. Numfashi ne ya tsaya ba wanda ke kallo, ko jini ya zuba ba na ƙari, ko maganin kashe zafi ya yi yawa. Don haka ku tambayi sunan mai sa barcin da matsayinsa kamar yadda kuka tambayi na mai yankan. Ga babban aiki irin cire fatar ciki, rage nono ko zuƙe kitse mai yawa, a nemi likita ƙwararre a fannin sa barci, ya kuma duba mara lafiya kafin ranar. Akwai ma'aikatan jinya da aka horar kan sa barci, kuma suna riƙe da asibitoci da yawa a Arewa, amma mutum mai ƙiba, ko hawan jini, ko sikila, da za a yi wa aikin awa huɗu ba na gaggawa ba, ba shi da dalilin da zai karɓi ƙasa da likita. Wanda ya ce shi zai yi yankan shi kuma zai lura da barcin, ku tashi ku bar masa kujerarsa.

Asibiti mai zaman kansa a Zariya ko Kaduna yana buƙatar rajistar Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna. A Legas hukumar HEFAMAA ce ke wannan aiki. Ku duba abin da aka yi wa rajistar. Wurin gyaran fata da tausa ba asibiti ba ne, ƙaramin kilinik na ganin marasa lafiya ba wurin babbar tiyata ba ne. Gida mai ɗaki uku da aka sa wa gado, ko ɗakin otal, ba ma abin tattaunawa ba ne.

Zuwa da kai ya fi aike. Ku ce a nuna muku. Abin da ido zai nema: na'urar da ke nuna bugun zuciya, hawan jini da yawan oksijin a jini; tukwanen oksijin cikakku fiye da ɗaya; na'urar zuƙe majina; na'urar farfaɗo da zuciya; tukunyar dafa kayan aiki; janareta da wata madogara idan ita ma ta mutu; ɗakin farfaɗowa da ma'aikaciyar jinya da za ta kwana. Ku tambayi inda ake samo jini da tsawon lokacin da yake ɗauka, da asibitin da za a garzaya idan abu ya ɓaci, da motar da za ta kai. Wurin da ake zuƙe kitse ya kamata ya ajiye ruwan kitse na jijiya mai ƙarfin kashi 20, wanda shi ne makarin gubar lidoken, maganin kashe zafin da ake ɗura wa ƙarƙashin fata da yawa a wannan aiki. Ku tambaya ko akwai. Wanda bai gane tambayar ba, ya ba ku amsa.

Zaman ganawa shi ma jarrabawa ce

Ku je da mutum na biyu, miji ko yaya ko aminiya, da takarda da biro. Mun san da yawa suna ɓoye wannan niyya saboda kunya ko tsoron surutu, kuma wannan ɓoyon shi ne babban jarin 'yan damfara. Ko mutum ɗaya ne, a samu wanda ya san inda kuke da ranar da za a yi.

Likitan kirki yana fara tambaya ne kafin ya faɗi farashi. Zai tambayi ciwon suga, hawan jini, asma, sikila, yawan haihuwa da ko ana son ƙari, shayarwa, taba da shisha, da duk abin da ake sha. A faɗi gaskiya har da kayan mata, maganin ƙiba, shayin rage tumbi da asfirin, domin wasunsu suna tsinka jini. Man bilicin mai sinadarin sitiroyid yana sa fata ta yi siriri ta ƙi riƙe ɗinki, kuma shafa shi na dogon lokaci yana iya raunana yadda jiki ke jure tiyata. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu akan dakatar da ita mako 4 kafin babban aiki saboda gudan jini. Taba a bar ta aƙalla mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa, in ba haka ba bakin fatar da aka ja yana iya mutuwa ya yi baƙi. Likitan zai sa a auna yawan jini, rukuninsa, jinotayif, suga, aikin ƙoda, da gwajin ciki. Cire fatar ciki kuwa ya fi dacewa bayan an gama haihuwa, domin sabon ciki yana warware gyaran.

Zai kuma duba tsofaffin tabonku. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tasowa yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke kira kiloid, musamman a kunne, ƙirji, kafaɗa da haɓa. Wanda hujin kunne ya zame masa ƙulli, dole a yi maganar kafin a ja masa layin ɗinki daga ƙugu zuwa ƙugu. Shi kansa kiloid ɗin ma'auni ne mai kyau na sanin likita: yanke shi kawai yakan sa ya dawo, sau da yawa fiye da da. Masani zai haɗa da allurar tirayamsinolon a cikin tabon, matsi, ko gasa wurin da na'urar haske bayan yanka. Wanda ya ce "minti ashirin ne mu cire shi, shi ke nan", bai san abin da yake taɓawa ba.

Ga ƙarin mazaunai da kitsen jiki, wanda ake kira BBL, akwai tambaya guda da ba a tsallakewa: a ina za a zuba kitsen? Amsa ɗaya ce daidai, a ƙarƙashin fata kawai, ba cikin tsoka ba. A cikin tsokar akwai manyan jijiyoyin jini, idan kitse ya shiga ɗaya yana tafiya huhu ya toshe shi, mutum ya tafi a kan gadon cikin mintuna. Wani bincike na likitocin Amurka a 2017 ya ƙiyasta mutuwa kusan 1 cikin 3,000, mafi muni a duk tiyatar ado, kuma a 2018 manyan ƙungiyoyin fannin suka yi gargaɗi a daina shiga tsoka. Ga zuƙe kitse, a tambayi lita nawa. Abin da ya haura lita 5 babban aiki ne da ke buƙatar kwana a asibiti ana sa ido. Haɗa ciki, nono da mazaunai a zama ɗaya don a rage kuɗi yana tsawaita aiki, kuma bayan kamar awa 6 haɗari yana hawa. Allurar silikon mai ruwa ko wani mai da ba a san sunansa ba a mazaunai ko nono kuwa babu likitan gaske da zai yi ta. Tana yawo a jiki, tana dunƙulewa, kuma cire ta sai an yanke nama. Garin neman gira ake rasa ido a nan.

Duk abin da za a sa a jiki, a ga kwalinsa a rufe, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Robar ƙarin nono tana zuwa da kati mai sunan kamfani da lambarta, a karɓa a adana. A 2019 an janye wani nau'in mai kaushin baya na kamfanin Allergan daga kasuwannin duniya saboda alaƙarsa da wata cutar daji, kuma masu katin ne suka iya sanin ko nasu na ciki.

Ku tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin a shekarar da ta wuce, da matsalar da ya fi gamuwa da ita. Wanda ya ce bai taɓa samun matsala ba, ko bai yi aiki da yawa ba, ko ba ya faɗin gaskiya. Hotunan kafin da bayan aiki a nemi na masu irin fatarku da jikinku, waɗanda aka ɗauka bayan wata 6 zuwa shekara, a tsayuwa ɗaya da haske ɗaya, tabon yana bayyane. Hoton da aka ɗauka a kan gadon tiyata kumburi ne kawai. Ƙa'idojin aikin likita a Najeriya ma sun taƙaita tallar kai da farautar marasa lafiya, don haka ragin sallah, "saura gurbi biyu", da 'yan fim masu yabo ba shaidar ƙwarewa ba ne.

Takardu da kuɗi

Takardar amincewa a karɓe ta kwanaki kafin aiki, a karanta a gida, ba a miƙo ta ana tura gado ba. Ta ƙunshi sunan aikin, haɗurransa, da sunan wanda zai yi shi da hannunsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin akwai wuraren da ke aron sunan babban likita a allo, ya zo ganawa, ranar aiki kuma wani yaro ya yi yankan. Idan an ce likitan ma'aikacin wani asibitin koyarwa ne, a tambayi sashen tiyatar asibitin.

Farashi a rubuce, a rarrabe: mai yanka, mai sa barci, ɗaki, kwanciya, magani, rigar matsi, zuwan wanki, da wanda zai biya idan sai an koma an gyara. A biya ta asusun asibiti a karɓi rasit. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Abin da ake ragewa idan farashi ya faɗi ƙwarai yawanci shi ne mai sa barci da kwanan asibiti. Tsakanin ganawa da aiki a bar aƙalla mako biyu, a cikinsu a ji ta bakin likita na biyu. A Shika ana buɗe kati a bi ta sashen marasa lafiya na waje, ko a zo da takardar turawa daga wani likita. Akwai layi da jira, amma kuɗin bai kai na kuskure ba. Mai damuwa da hukuncin addini ya tambayi malami a wannan tsakanin, ya bayyana masa ko gyaran lahani ne ko ƙarin ado, domin malamai suna bambanta su.

Kafin a sallame ku, a karɓi lambar da za a kira da dare da taƙaitaccen rahoton abin da aka yi. Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa bayan zuƙe kitse, jini da ke jiƙa bandeji, fata da ke yin baƙi ko wari: ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a wuce sashen gaggawa na Shika kai tsaye, kada a tsaya kemis ko jiran amsar WhatsApp, a kuma gaya wa likitocin ainihin abin da aka yi da ranar da aka yi. Idan ana zargin sakaci, ƙorafi yana zuwa kwamitin binciken likitoci na MDCN a rubuce tare da takardar rantsuwa daga kotu. Idan wanda ya yi aikin ba likita ba ne, maganar ta 'yan sanda ce da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. A haɗa rasit, takardar amincewa, saƙonnin waya da hotuna masu kwanan wata.